Bayit Huɗu da Suka Kashe Ƙwan Yaya

A ofishin da nake aikin rubuta manhajar kwamfuta akwai wani abokin aikinmu da muke kira Sha-Yanzu. Saurin hannunsa ne ya jawo masa sunan. Ka kawo masa matsalar da ta hana ka sakat tun safe, kafin ka gama bayani ya riga ya juyo maka da allon kwamfutarsa yana cewa, "Ga ta nan, an gama da ita." Allah ya ba shi kai, wannan ko maƙiyinsa ba zai musa ba. Amma yana da wani hali guda da ya ɓata masa baiwar. Sha-Yanzu ba ya gwada abin da ya riga ya yarda da shi, kuma ba ya son a tambaye shi ko ya gwada. In ka ce masa, "Ka duba kuwa?" sai ka ga ransa ya ɓaci kamar ka taka masa ƙafa a cikin taro. A wurinsa, dubawa aikin waɗanda ba su san abin da suke yi ba ne.

Ni kuwa Dattijo yake kirana, kuma ba don girmamawa ba. Teburina yana kusa da nasa, na girme shi nesa ba kusa ba, kuma ba ni da sauri a aiki. Kullum cikin tsokanata yake. "Dattijo, har yanzu kana kan layin jiya? Ko in kawo maka matashin kai?" Nakan yi dariya in ƙyale shi. Ina son yaron, wallahi ina son sa, shi ya sa har yau in na tuna abin da ya faru sai in ji zuciyata tana tafasa.

Sha-Yanzu shi ne auta a gidansu. Babbar yayarsu ce ta riƙe shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta kai shi makaranta, ita ta saya masa kwamfutarsa ta farko. Mu duka Yaya muke ce mata, har mu da ba mu haɗa komai da ita ba. Sana'arta kiwon kaji, a wani fili mai katanga a bayan gari, inda hanyar kwalta ta ƙare. Amma kajin Yaya ba irin na kasuwa ba ne. Tun tana da ƙuruciyarta ta fara zaɓe: kazar da ta jure zafi ba ta daina ƙwai ba sai ta ware ta, zakaran da cuta ta zo ta wuce bai kwanta ba sai ta ware shi, ta haɗa su, ta sake zaɓe a cikin 'ya'yansu. Haka ta yi ta yi har furfura ta fito mata. A ƙarshe ta samu wasu jajayen kaji masu farin wuya da babu irinsu a hannun kowa. Ta san uwar kowace kaza, ta san kakarta. In tana ba ka labarinsu sai ka rantse dangi take lissafa maka.

Wata shekara aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Katangar baya ta faɗi, ruwa ya kwararo daga kan hanya ya cika ɗakin kajin kafin a kawo ɗauki. Ko kaza ɗaya ba ta fita da rai ba. Abin da ya tsira kawai shi ne ƙwan da Yaya ta tara a 'yan kwanakin nan don ƙyanƙyasa, ɗari da 'yan kai, suna kan wata kanta mai tsawo a ɗaki mai sanyi. Aikin rayuwarta gaba ɗaya ya koma cikin waɗannan ƙwai. In sun ƙyanƙyashe, irin ya ci gaba. In ba su ƙyanƙyashe ba, shi ke nan, babu inda za ta je ta nemo.

Injin ƙyanƙyasarta ma ya tsira, don a kan dandamalin siminti yake. Tsohon inji ne, babba kamar firji mai ƙofa biyu, da 'yar tagar gilashi a gaba. Sai dai ruwan ya kashe ƙaramin allon da ke nuna zafin ciki, fitilu biyu kawai suka rage, kore da ja. Ya kuma kashe tsohuwar kwamfutar da ake ba injin umarni da ita. Yadda abin yake, a kwamfutar ake rubuta tsarin aiki a zuba a wani ɗan kati, a soka katin a jikin injin, shi kuma ya bi. Tsarin mataki biyu ne. Na farko dogo ne, sama da mako biyu, inji yana ɗumama ƙwai yana juya su. Na biyu gajere ne, na kwanakin ƙarshe, inda ake ƙara laima, a daina juyi, a rufe ƙofa ruf har sai 'yan tsaki sun fito. Katin yana nan lafiya, amma tsarin ƙwan agwagwa ne a kansa, don shi aka ƙyanƙyashe na ƙarshe, kuma ƙwan agwagwa ya fi na kaza daɗewa. Dole a sauya lambobin.

Yaya ta kira ƙanenta. Washegari sai ga Sha-Yanzu a ofis da katin da wani tsohon faifai. Mutumin da ya haɗa mata injin ya daɗe da rasuwa, amma ya bar mata rubutun shirin, wato manhajar da ke zuba tsari a katin, a faifan. Lokacin hutun rana Sha-Yanzu ya zuba rubutun a sabuwar kwamfutarsa, ya haɗa, shirin ya tashi ba gardama. Ya miƙe ƙafa ya ce, "Dattijo, ka ga aikin maza. Shirin da ya girme ni, ga shi yana gudu."

Sai ya buɗe fayil ɗin da ke kan katin. Zafin mataki na farko ya fito daidai. Laima ta fito daidai. Amma a gurbin tsawon lokaci sai ga wata lamba mai tsawo kamar jirgin ƙasa, ta cika akwatin ta yi waje. Mataki na biyu kuwa shirme ne zalla.

Ya ja tsaki. "Ruwa ya lalata katin."

Na matso da kujerata. Na ce, "Anya kuwa? Ruwan da ya bar lambobi biyu na farko lafiya lau, ya zaɓi ta uku ya ɓata? Wannan ruwa akwai ilimi."

A nan sai in ɗan tsaya in yi wa wanda ba sana'armu yake yi ba bayani. Fayil irin wannan ba rubutu ba ne da mutum zai buɗe ya karanta. Lambobi ne tsirara a jere, babu waƙafi, babu wata alama da ke cewa nan wannan ta ƙare, nan waccan ta fara. Kamar kiret ɗin ƙwai ne mai gurabu a layi, kowane gurbi muna ce masa bayit. Wanda ya rubuta da wanda zai karanta dole su yi ittifaƙi tun farko: lamba ta farko gurbi kaza ta ci, ta biyu gurbi kaza. In ɗaya ya ƙirga ba yadda ɗayan ya ƙirga ba, komai ya goce. Sannan akwai kwamfaila, wato shirin da ke ɗaukar abin da muka rubuta ya mayar da shi yaren inji. A yaren da aka rubuta shirin Yaya akwai wani nau'in lamba da ake kira long, doguwar lamba. In ka rubuta wannan kalma ba ka faɗi gurbi nawa kake so ba. Kwamfaila ne ke yanke maka hukunci, kuma ba bakinsu ɗaya ba. Wani ya ba ta bayit huɗu, wani ya ba ta takwas, kuma duk cikinsu babu wanda ya karya doka.

Na leƙa rubutun shirin, na ga tsawon lokaci da doguwar lamba aka rubuta shi. Na ce, "Ka tambayi kwamfailanka bayit nawa yake ba wannan. Layi ɗaya ne."

Ya ce, "Huɗu ne. Tun muna makaranta huɗu ne."

"A kwamfutar makarantarku huɗu ne. Wannan fa?"

"Haba Dattijo! Lamba ai lamba ce. Rubutu ɗaya, yare ɗaya, ban canza ko ɗigo ba. Ta ina za ta ƙara ƙiba?"

Na ce masa to ya kwafe tsohon fayil ɗin ya ajiye a gefe, ko don a gwada. Kafin in rufe baki ya goge katin tas. Ya kira Yaya a waya, ta faɗa masa zafi da laima da tsawon lokacin kowane mataki, ya buga su, ya adana. Ya sake buɗe fayil ɗin da shirinsa, kowace lamba ta fito tsaf. Ya juyo min da allon. "To Malam Mai Shakka, sai kuma me?"

Na ce, "Kai ka rubuta, kai ka karanta. Dole ku yarda da juna mana. Injin ne zai karanta wannan katin, ba kai ba. Kuma na ga sabon fayil ɗin ya fi tsohon girma."

"Kayan zamani ai sun fi na da girma. Har wayarka ta fi ta kakanka."

'Yan ofis suka kwashe da dariya, shi kuma ya ƙara baje kafaɗa. Ban haƙura ba. Na ce ya yi abu ɗaya kawai: kafin a zuba ƙwai, ya rubuta tsarin gwaji mai gajeren lokaci, ya soka wa injin yana fanko, ya tsaya ya ga ya shiga mataki na biyu lafiya. Kafin ya sha shayi ya gama an ƙare.

Nan ya haɗe rai. Ya ce, "Ƙwan nan kowace rana ƙarfinsu raguwa yake yi, kai kana maganar wasan yara. Yayata ce, ba taka ba. Ka bar ni da ita."

Ya zare katin ya fita. Da yamma aka jera ƙwai, aka soka kati, koriyar fitila ta kama, inji ya ɗauki ɗumi. Yaya ta sa hannu ciki kafin ta rufe, ta ji zafin da ta sani. Ta ce masa tana so a sayo ma'aunin zafi na gilashi a rataye a bayan tagar, tunda allon ya mutu, nata kuma ya fashe a cikin ruwan. Ya ce mata, "Yaya, wannan ai kayan tarihi ne. Duk abin da injin ke yi ina ganinsa a kwamfutata." Ta yarda. Me zai hana ta yarda? Autanta ne, kuma bai taɓa ba ta kunya ba.

Abin haushin shi ne komai ya tafi daidai. Da aka yi kamar mako guda Yaya ta haska ƙwan da tocila, kamar yadda masu wannan sana'a ke yi, ta ga jijiyoyi sun bazu ja-wur a kusan kowanne. Da ta sake haskawa daga baya ta ga abin ciki yana motsi. Ta kira shi tana kuka tana dariya, tana sa masa albarka. Har abinci ta aiko mana ofis cikin manyan kuloli. Sha-Yanzu ya zuba min da hannunsa, ya ce, "Ci, Dattijo. Bayit nawa ne a wannan lomar, huɗu ko takwas?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Har na fara tunanin ko tsufa ne ya sa ni tsoron banza.

Sai mataki na biyu ya zo. Yaya ta yi abin da ta saba yi: ta cika tiren ruwa, ta kwantar da ƙwan, ta rufe ƙofa. Dokarta ce, kuma dokar duk mai ƙyanƙyasa, cewa daga nan ba a buɗewa. In aka buɗe laima ta fita, fatar cikin ƙwai ta bushe ta manne wa ɗan tsako, ya kasa fitowa. Ko jikokinta ba ta bari su je kusa da ɗakin a irin wannan lokaci.

Washegari da hantsi wayar Sha-Yanzu ta yi ƙara. Hannunsa na kan aiki, sai ya sa ta a fili, duk muna ji.

"Auta, akwai abin da bai kwanta min ba. Gilashin tagar nan a bushe yake. Da, in an shiga wannan matakin, sai ka ga ya yi gumi."

"Wace fitila ce a kunne?"

"Koriya."

"Fanka tana juyawa?"

"Tana juyawa."

Ya buɗe shirinsa ya duba. "Ga shi ina gani, Yaya. Zafi daidai, laima daidai. Kwantar da hankalinki."

"Ni dai da zan ɗan buɗe in sa hannu, ko na ƙiftawar ido ne."

Na ɗaga murya na ce, "Ka bar ta ta buɗe! Abin da kake gani a allon nan umarnin da ka rubuta ne, ba zafin cikin injin ba!"

Ya watso min wani kallo, ya ɗauke wayar ya nufi ƙofa. Ina jin sa a baranda yana cewa, "Yaya, ba ke kike cewa duk wanda ya buɗe a wannan lokaci shi ya kashe su ba? Yanzu da hannunki za ki yi? Don Allah kada ki taɓa ƙofar nan. Na ɗauki nauyi." Da ya dawo ya tsaya a kaina ya ce in na ƙara sa baki a maganar gidansu zai manta da furfurata. Ya kashe wayarsa ya jefa a aljihun tebur. Ni ba ni da lambar Yaya, kuma ya ƙi ba ni.

Ranar da ya kamata a ji kukan 'yan tsaki ta zo ta wuce shiru. Yaya ta kasa kunne a jikin ƙofar, ba ta ji komai ba sai fanka. Ta ƙara haƙuri har wata safiyar, sannan ta buɗe. Iskar da ta bugi fuskarta ba ta da bambanci da ta tsakar gida.

Da rana Sha-Yanzu ya zo teburina. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya ce, "Dattijo, don Allah ka raka ni." Babu tsokana a muryarsa ko kaɗan. Na ɗauki kwamfutata muka tafi.

Mun samu Yaya a ɗakin injin, zaune a kan wani ɗan benci, ta fito da tirarrukan ƙwan ta jera a ƙasa. Laka busasshiya na nan a jikin bango, tana nuna inda ruwa ya tsaya. Ta amsa gaisuwata, ta ce in zauna. Shi ko kallonsa ba ta yi ba.

Na zare katin na soka a kwamfutata, na buɗe shi tsirara, bayit bayan bayit. Na kira shi ya tsaya a bayana. Ga zafin mataki na farko, gurbi biyu. Ga laima, gurbi biyu. Ga tsawon lokaci, gurbi huɗu, lambar daidai. Sai kuma ga wasu gurabu huɗu a bayansu, sifili, sifili, sifili, sifili. Sabon kwamfaila ya ba doguwar lamba bayit takwas, ya cike rarar da sifili. Injin kuwa huɗu ya sani. Ya ɗauki huɗunsa ya yi mataki na farko lafiya ƙalau, shi ya sa ba wanda ya ga komai. Da lokacin mataki na biyu ya yi, sai ya miƙa hannu ga gurabun da ke gaba. Biyun farko ya karanta su a matsayin zafi: sifili. Biyun da ke biye a matsayin laima: sifili. Ainihin zafi da laimar da Yaya ta faɗa kuwa ya haɗe su wuri guda ya ɗauka tsawon lokaci ne, lokacin da ya fi shekarun duk wanda ke ɗakin. Sai ya kashe wutarsa ya zauna jira. Jar fitila tana kamawa ne in zafi ya gaza abin da aka umarta, to wane zafi ne zai gaza sifili? Injin bai lalace ba. Abin da aka ce masa ya yi.

Sha-Yanzu ya zauna a ƙasa. Ya buɗe tasa kwamfutar a kan gwiwarsa, ya rubuta layin nan ɗaya da na roƙe shi tun farko. Bai kai ƙiftawar ido ba amsa ta fito. Takwas.

Ya ce, "Yaya..."

Ta ce, "Ajiye wannan abin ka zo nan. Akwai aiki."

A sana'arsu, in ƙwai ya ƙi ƙyanƙyashewa ba a zubar da shi haka nan. Ana fasa shi ɗaya bayan ɗaya a duba a wane mataki ya mutu, don a san inda aka yi kuskure. Yaya ba ta taɓa tsallake wannan ba, kuma ranar ma ba ta tsallake ba. Ta tura masa bokiti da ƙafarta, ta miƙa masa ƙwai na farko.

Ya ce, "Yaya, ai mun san dalili. Ba sai an..."

"Kai ka sani a kwamfuta. Ni ina so ka sani a hannunka. Fasa."

Ya fasa. Ɗan tsako ne cikakke, a naɗe, gashinsa jiƙe, bakinsa ya riga ya juya wajen da zai huda. Ko a jiƙen ana ganin ja-jan bayansa da hasken wuyansa. Ta karɓa ta duba, ta ajiye a bokiti, ta miƙa masa na biyu. Shi ma haka. Na uku haka. Kowane ƙwai da alamar fensir a jikinsa, ita kuma tana karantawa a hankali kamar mai kiran suna. "Wannan na Mai Ɗingishi ne. Wannan jikar Baƙar Ƙafa ce. Wannan uwarsa ita ce ta fi kowa ƙwai bara." Ba ta ɗaga murya ba, ba ta zage shi ba. Wallahi da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Hawaye na zuba a fuskarsa yana fasawa, ita tana miƙo masa. Ni da na zo rakiya sai da na fita waje na tsaya a jikin katangar da ta faɗi.

Da na dawo sun kusa gamawa. A tire na ƙarshe, can tsakiya inda ɗumi ya fi daɗewa, aka samu ƙwai ɗaya da ɗan huji a jikinsa, ana jin wani siririn kuka daga ciki. Yaya ta ɗauke shi da hannu biyu, ta sa a cikin rigarta, ta ɓare shi a hankali da farce. Ya fito da rai. Sha-Yanzu ya zabura ya ce, "Yaya, ga ɗaya! Za a iya farawa da shi, ko? Zan saya miki sabon inji, zan zo kullum, zan..."

Ta dube shi karo na farko tun zuwanmu. Ta ce, "Da ɗaya ba a yin iri, Auta. Ko na haɗa shi da kajin kasuwa, sai an sake shekarun da na yi kafin a dawo inda nake. Dubi hannuna. Dubi gwiwata. Kana ganin ina da wasu shekarun a ajiye?"

Ya durƙusa a gabanta yana ba ta haƙuri. Ta bar shi ya gama. Sannan ta ce, "Na yafe maka, ai ni na raine ka. Abu ɗaya ne yake ci na. Na tambaye ka ko ka tabbata, ka ce ka tabbata. Da ka ce min ba ka sani ba, da na sa hannuna."

Yaya ba ta sake gina ɗakin kaji ba. Ta bayar da injin ga wani mai kiwon agwagi, ta koma gidan babbar 'yarta a cikin gari, inda take zama a baranda tana kallon motoci. Ɗan tsakon ya yi 'yan kwanaki a cikin kwali kusa da gadonta, bai taɓa tsayawa da ƙafarsa sosai ba, wata safiya aka same shi ya mutu. Sha-Yanzu yana nan a teburin da ke kusa da nawa. Yanzu yana gwada komai, har abin da bai kamata a ɓata lokaci a kansa ba, kuma aikinsa ya fi na kowa tsabta. Amma ya daina dariya. Duk ƙarshen mako yakan je gaishe ta, ta karɓe shi da fara'a, ta tambaye shi aiki, ta sa a kawo masa ruwa. In wayarta ta samu matsala, sai ta jira ya tafi ta aika wa mai gyara a bakin titi.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Kai mai rubuta manhaja, kada ka taɓa ɗauka girman lamba ɗaya ne a kowane kwamfaila. In za ka rubuta ko ka karanta fayil na lambobi tsirara, yi amfani da nau'in lambar da girmanta ke rubuce a sunanta, ka tambayi kwamfailanka maimakon ka tuna abin da aka koya maka a makaranta, ka ajiye tsohon fayil kafin ka goge, kuma ka gwada aikinka a kan na'urar da za ta karanta shi, ba a kan shirin da ya rubuta shi ba. In lamba ta fito maka a karkace, tana gaya maka wani abu ne, ka saurare ta kafin ka ɗora wa wani laifi. Kai kuma da ba wannan ce sana'arka ba, darasin bai tsallake ka ba. In mutum ya damƙa maka abin da ba shi da na biyunsa, ba ka da ikon yi masa tabbacin da ba ka bincika ba. Faɗin "ban sani ba, bari in duba" ba ya rage wa gwani komai. Girman kan da ke hana ka faɗin haka kuwa, sau da yawa ba kai kake biyan kuɗinsa ba, wanda ya fi kowa yarda da kai ne yake biya.